Bijimin Watanda da Wuƙar Mudi

A Gidan Nomau, can ƙasar Tudun Wada ta hanyar Doguwa, kwari ɗaya ne ya raba unguwar coci da unguwar masallaci. Kakanninmu ɗaya. Da aka bar tsafi wasu suka bi coci, wasu suka bi salla, amma gonaki suna nan jingine da juna yadda iyaye suka bar su.

Tun muna samari akwai abin da ba a taɓa fasawa ba. In kaka ta yi, dawa ta shiga rumbu, mutanen coci sukan haɗa hannu su sayi bijimi ɗaya, a ɗaure shi ana ba shi harawa da dusa har jajiberin Kirsimeti, sannan a yanka a kasa, kowane gida ya ɗauki kashinsa. Watanda ke nan. Sai dai ba ɗan coci ke sa wuƙa ba. Musulmi ake kira ya yanka, don in an dafa a kai wa 'yan'uwa na tsallaken kwari su ci ba tambaya. Naman da ba nasu ne ya yanka ba, daga bakin zaure suke mayar da shi. Haka suka riƙe abin, mu ma mun sani, ba wanda ya taɓa jin haushi.

Shekara da shekaru Mudi ke wannan yanka, ƙanensa Istifanus kuma shi ke kiwon bijimin a bayan gidansa. Uwa ɗaya uba ɗaya suke. Mudi ne ɗan fari, ya musulunta tun yana saurayi. Istifanus ne auta, ya tsaya a coci. Uwarsu Iya Tabawa, bayan rasuwar mijinta, ta koma gidan Mudi ta kama salla. Yanzu ta tsufa ƙwarai, ido ya tafi, ƙafa ta ƙi. Sau ɗaya a shekara take cin abin da ya fito daga tukunyar autanta, wato kwanon Kirsimeti, shinkafa da naman watanda. Ta fi kowane yaro a unguwar coci ɗokin wannan kwano.

A daminar da nake ba da labarinta, rigima ta shiga tsakanin 'yan'uwan a kan iyaka. Gonar ubansu ce aka raba musu, ta gangara har bakin fadama, jerin gamba ne iyakar, da wata ɗorawa a tsakiya. Mudi ya kawo shanun huɗa, garma ta tumɓuke gambar ta ci kunyoyi ta wajen Istifanus, ɗorawar ta koma cikin gonar Mudi. Mudi ya ce asalin iyakar ke nan, gambar ce ta matsa. Istifanus ya ce tun da aka haife shi bai taɓa ganin gamba mai ƙafa ba. Aka je gaban mai unguwa, ya yi ta kewaye-kewaye, ya ce a bari sai an girbe. A nan bakuna suka ɓaci. Istifanus ya kira yayansa ɓarawon ƙasa a gaban jama'a. Mudi ya miƙe ya kakkaɓe riga, ya ce shi ba shi da ƙane a coci, wanda yake da shi ya mutu tuntuni.

Ina wurin. Da za a bi tawa, da an zane su duka biyun, da furfurarsu da komai.

Tun daga ranar Istifanus ya rantse ba zai ƙara taka zauren Mudi ba. Uwarsa kuwa tana bayan wannan zaure. Haka damina ta ƙare, kaka ta zo, bai sa ta a ido ba.

Ranar Lahadin farko ta makonnin jiran Kirsimeti, katikis ɗinmu Malam Barnabas ya kunna kyandir na fari. Da aka tashi daga sujada maza suka zauna gindin darbejiyar coci don maganar watanda. An riga an sayo bijimin a rugar Hafizu, fari ne mai tozo, yana ɗaure a turkensa.

"Saura a aika wa Mudi ya fara wasa wuƙa," in ji katikis.

"Ba za a aika ba," in ji Istifanus.

Kowa ya juyo.

"Bana ni zan yanka. Hannuna bai shanye ba."

"Ba maganar hannu ake ba, Istifanus. Abincin da za a kai tsallake fa?"

"Su ci nasu. Sun taɓa kiranmu mu yanka musu ragon layya?"

"Ai suna aiko mana da naman," wani ya ce daga baya.

"Wanda ya aiko maka, ka sayo masa nasa bijimin. Ni na yi wa wannan turke, ni ke kwashe masa kashi safe da yamma. Wuƙar ɓarawo ba za ta hau wuyansa ba. In kun ƙi, ku kwance abinku ku kai gidan da kuka ga dama."

Ba gidan da ke da harawar da za ta riƙe bijimi sai nasa, shi ma ya sani. Katikis ya nemi hanya ta gefe. Aka aika wa Hafizu ko zai zo ya yanka, ya ce yankan Mudi ne tun shi yana bin maruƙa, ba zai sa ƙafa tsakanin wa da ƙane ba. Aka taɓa liman, ya ce shi ma haka. Magana ta tsaya ko Mudi ko Istifanus.

Labari ba ya kwana a wannan gari. Ranar kasuwar Tudun Wada Mudi ya tare wani ɗan coci a layin masu taki, ya ce, "Ka gaya wa mutumin naku, in ya yanka da hannunsa kada ya wahalar da kowa da ɗaukar kwano. A bakin kwari zan sa a juye wa karnuka."

Aka kawo wa Istifanus maganar da zafinta. Ya shiga ɗaki ya ɗauko wuƙa, ya zauna a ƙofar gida yana wasa ta a dutse inda duk mai wucewa zai gani. Daga ranar a ƙugunsa take yini.

Matarsa Rifkatu ba ta da yawan magana, amma ba ta tsoronsa. Ta haɗu da Hasana matar Mudi a wajen injin niƙa, ta dawo ta same shi yana dama wa bijimin dusa.

"Maigida, na ga Hasana."

"Sai aka yi yaya?"

"Ta ce kullum da safe Iya sai ta tambaya ko bijimin ya yi ƙiba. Ta sa an ciro mata kwanon nan mai murfi an wanke, wai kada ranar ta zo a tsaya nema."

"Ba a gaya mata ba ne?"

"Wa zai gaya mata? Kai za ka je ka gaya mata?"

Ya ci gaba da dama dusa.

"In tana son cin abincina ta san hanya."

"Matar da sai an riƙe ta take kaiwa bakin ƙofa?"

"Ita ta zaɓi gidan."

"Hasana ta ce jikin ba irin na bara ba ne. Kunu kawai take sha, shi ma sai an yi da ita. Ni dai na faɗa maka. In wata shekarar kake jira, ban san wa za ka kai wa ba."

"Ki tashi mini daga nan."

Ta tashi. Shi kuma ya tsaya yana kallon bijimin yana lasar bokiti, har ya gama bai motsa ba.

Makonnin nan a da su ne mafi daɗi a unguwarmu. Tela ba ya ɗaga kai, mata na shafe ɗaki, 'yan zumuntar matan coci na koyon waƙa da yamma suna buga tulu. Bana duk ana yi, amma kamar an hana kowa dariya. Matan tsallake da suka saba zuwa taya kitso ba su zo ba. A bakin rijiyar burtsatse kowa ya ja tulunsa gefe. Rigimar mutum biyu ta zama ta gari, kuma a cikin masu hura ta har da waɗanda ba su san inda ɗorawar take ba.

Lahadi ta uku ita ce ta murna, ranar da ake kunna kyandir mai ruwan hoda. Malam Barnabas ya yi wa'azi a kan haka. Ya ce ba a ce mu jira sai abin ya iso hannu sannan mu yi murna ba, tun yana hanya ake yi, kamar manomi da ya hango hadari ya haɗo alhali ko ɗigo bai sauka ba. Ya ce Mai Ceto yana tafe, kuma ba gidan masu shiri da juna kaɗai zai sauka ba. Mata suka yi guɗa. Istifanus yana bencin baya ya harɗe hannu.

A bakin ƙofa katikis ya miƙa masa hannu.

"Yau ko amin ban ji daga wajenka ba."

"Malam, wanda aka cinye wa gona da wane baki zai yi murna?"

"Da wanda kake zagi da shi. Ai guda ɗaya aka ba ka."

Istifanus ya zare hannunsa ya wuce.

Abin da ya biyo baya Rifkatu ce ta gani da idonta, mu daga ƙarshe muka iso. Bayan azahar ta leƙa bayan gida ta tarar da turke a tumɓuke, ba bijimi. Yawancin mutane suna coci wajen koyon waƙa. Istifanus ya bi sawu, ita tana biye da shi, sawun ya miƙe gangare har gonar gado.

Can suka same shi, gindin ɗorawar nan, a kan kunyoyin da ake rigima a kansu. Wurin yana da laima saboda fadama, dawar da Mudi ya girbe ta sake tofowa kore shar. Duk wanda ya taɓa riƙe saniya ya san gyauron dawa dafi ne ga dabba. Bijimin ya ci ya ƙoshi. Cikinsa ya kumbura kamar ganga, kumfa na zuba a baki, ƙafafu na rawa. Suna isowa ya durƙusa, ya kife a gefe ɗaya.

"Wayyo, zai tafi," in ji Rifkatu.

In ya mutu ba a yanka ba ya zama mushe, ba mai ci, mu ko su, Kirsimetin unguwa gaba ɗaya ta tafi ga ungulu. Istifanus ya zare wuƙa daga ƙugu, ya durƙusa, ya kama ƙaho ya miƙar da wuyan. Abin da ya yi ta cika baki zai yi, ga shi ya samu, ba mai hana shi, ba kuma wanda zai zarge shi. Ya ɗora wuƙar a maƙogwaro.

Bai ja ba. Can ƙasa cikin fadama injin ban-ruwa na ƙara, Mudi yana tsaye cikin albasarsa ya ba su baya. Istifanus ya dubi wuƙar, ya dubi bayan yayansa.

"Kai!" ya kira.

Mudi bai juyo ba.

"Mudi!"

Ya ji sarai, don ya ɗan tsaya da fartanya, sannan ya ci gaba da gyara hanyar ruwa. Bijimin ya yi wani nishi mai tsawo.

"Yaya!"

Sai aka kashe inji. Mudi ya hauro ba gaggawa, yana goge laka a gefen wando. Ya tsaya ya dubi bijimin, ya dubi mai riƙe da shi.

"Wa ke kirana? Na ji kamar muryar mamaci."

"Zo ka yanka, zai mutu."

"Kai fa? An ce hannunka bai shanye ba."

"Ba don ni ba ne. Ka san don wa."

Mudi ya sa ƙafa ya taɓa kututturen dawar da aka cinye.

"To faɗa mini tukuna. A gonar wa ya yi wannan ɓarna?"

"A gonata ya faɗi. Gyauron ɓarawo ya ci, shi ya sa zai kashe shi."

"Ashe ba ka matsu ba."

Ya juya kamar zai koma. Idon bijimin ya fara kafewa. Rifkatu ta gyara ɗaurin zane.

"Ku tsaya nan ku biyun," ta ce. "Ni bari in haura in gaya wa Iya. In ce mata namanta ya zama mushe, ga ɗanta na fari a kansa, ga autanta, ga wuƙa, suna gardamar kunya. Sai ta sa a mayar da kwanon inda aka ciro shi."

Ta kama hanya da gaske, ba wasa take ba. Mudi ya yi tsaki, ya dawo ya fizge wuƙar daga hannun ƙanensa. Ya gwada kaifin a babban yatsa.

"Duk zaman da ka yi a ƙofar gida, ko wasa wuƙa ba ka iya ba. Kama mu juya shi gabas."

Bijimi ba akuya ba ne. Mudi ya kama ƙaho, Istifanus ya kama bindi, Rifkatu ta dawo ta ja ƙafar baya, suna nishi suna zagin juna.

"Ja mana, rago."

"Kai ne ka taka igiyar."

Suka juya shi. Istifanus ya danne kafaɗar da gwiwa, Mudi ya yi bisimilla ya ja wuƙa. Jini ya yi tsartuwa, bijimin ya shure da ƙarfi har ya watsa musu ƙasa a fuska. Da ransa aka yanka shi. Jinin ya bi kwarin kunya ya gangara, bai tambayi ta wane ne ba.

Kafin a fara fiɗa unguwa ta taru. Masu guna-guni suka yi, wai wane irin watanda ne wannan ana sauran kwanaki. Katikis ya ce a kasa yau, mata su soya su shanya, kowa ya adana nasa har ranar. Aka shimfiɗa ganye gindin ɗorawar aka kasa. Wuya kuwa na mai yanka ne tun asali. Istifanus ya ɗauko shi ya jefa gaban Mudi.

"Ga naka."

"Haƙƙina ne, ba kyautarka ba." Ya sunkuya ya ɗauka. "Maganar iyaka kuma tana nan."

"Tana nan daram. Gaban dagaci za mu."

"Ko gaban wa."

Ya saɓa wuyan ya tafi, da wuƙar a hannunsa.

Rifkatu ba ta jira kowa ba. Ta yanki hanta ta dafa ta lugub, yadda marar haƙori zai iya, ta zuba a ɗan kwano ta rufe ta ajiye gaban mijinta. Ya daɗe yana kallon kwanon. Da rana ta yi sanyi ya ɗauka ya gangara kwari.

Mudi na zaune a bakin zaure da buta, ya miƙe ƙafafu ya tare hanya. Istifanus ya yi sallama. Mudi ya amsa wa bango, ya janye ƙafa ɗaya, iyakar inda mutum zai raɓa ya wuce.

Iya Tabawa na kwance a kan tabarma, ta zama 'yar mitsitsiya cikin mayafi. Ya durƙusa ya gaishe ta. Ta laluba ta kama kunnensa, ta shafa fuskar.

"Auta ne?"

"Ni ne, Iya."

"Na ɗauka sai a makabarta za ka zo gaishe ni. Da ka kyauta."

Ya buɗe kwanon, ƙamshi ya tashi. Ta ɗaga hanci.

"Kirsimetin ta zo ne ba a gaya mini ba?"

"Da saura, Iya. Bijimin ne ya riga mu."

Ta miƙa hannu, sai ta tsaya. Ba ta kiran sunan ɗanta na fari, bare ta tambaye shi kai tsaye.

"Wa ya yanka?"

Daga tsakar gida murya ta zo, a daƙile.

"Ni na yanka, Iya. Ki ci."

Ta ci. Ta ɗauki na biyu, ta ɗauki na uku, tana mamula a hankali. Hasana da ke bakin ƙofa ta rufe baki da gefen mayafi, don rabon tsohuwar da abin taunawa an daɗe.

"Gishiri ya yi yawa," in ji Iya. "Ka gaya wa matarka. Kuma kada ka ce da wannan ka fita. Wannan ba shi ne nawa ba. Ranar da shinkafa za ka zo, a kwanona mai murfi, kai da kanka. Ina nan ina jira."

Istifanus ya yi dariya. Hasana ta ce har ta tsorata, don ta manta yadda dariyarsa take. Ya yi ta yi yana goge ido da hannun riga, tsohuwar na ce masa ya rufe mata baki ba ta ga abin dariya ba.

Da zai fita ya tsaya a zaure.

"Wuƙata."

"Sai na wasa ta. Abin kunya ce a ce daga gidanmu ta fito."

"Ka haɗa da ita a cikin abin da ka sata."

"Fita mini daga gida."

Ya fita ɗauke da kwanon Iya mai murfi a hammata. Daga bakin kwari ana jiyo unguwar coci, hayaƙin suya ya tashi a kowane gida, mata na waƙa a bakin murhu tun ranar ba ta zo ba. Ya haura ya zauna cikinsu, ya karɓi tsinke yana juya nama, in sun kai amshi ya amsa da wannan muryar tasa mai kama da ta jaki.

Shari'ar iyaka har yau tana gaban dagaci, kuma in sun haɗu a hanya kowa gefensa yake kallo. Amma sauran kwanakin nan kullum da yamma sai an ga Istifanus ya gangara kwari, Mudi ya janye ƙafa ɗaya. Ranar Kirsimeti ya kai kwanon da hannunsa. Iya ta cinye tas, ta ce shinkafar ta caɓe.